Yaron Da Ke Kan Gwangwani

A kamfanin madarar da yake aiki, Mataimaki ya daɗe yana mataimaki har sunan ya bi shi gida. An yi ta naɗa shugabanni a sashen talla, kowanne ya zo ya same shi a teburin da ke kusa da injin kwafe takardu, kowanne ya tafi ya bar shi a nan. Masinja Mataimaki yake ce masa, maigadi ma haka. Matarsa, wadda ke koyar da kimiyya a sakandare, kowa kuma yake kira Malama, idan tana so ta ɓata masa rai cikin ladabi sai ta ce, "Mataimaki, abinci ya sauka."

Sai aka haifa musu ɗa, ɗan kuma ya zo da abin da Mataimaki ya ɗauka a matsayin cin amanar gida: jikinsa ba ya karɓar madarar shanu.

Ba a gane da wuri ba. Lokacin da hutun haihuwar Malama ya ƙare ta koma makaranta, sai aka fara haɗa wa yaron da madarar gwangwani ta kamfanin, wadda ake ba kowane ma'aikaci katan guda kyauta duk wata. Ba a jima ba ƙuraje suka feso masa a fuska da bayan gwiwa. Ya sha ya amayar, ya sha ya yi ta murɗe-murɗe yana tsala kuka, ya rame har wuyansa ya fito kamar na ɗan tsako. Mataimaki, wanda ya yi digiri har biyu, ya shiga bincike. Ya zargi sabulu. Ya zargi katifa. Ya zargi zafi, da aka shiga sanyi ya zargi sanyi. Ya zargi kyanwar maƙwabta, wadda ba ta taɓa tako ƙofar gidan ba. Gwangwanin da ke zaune a kan teburin kicin, da tambarin wurin aikinsa a jiki, shi kaɗai ne bai shiga cikin waɗanda ake tuhuma ba.

Ranar da Malama ta ga ɗigon jini a cikin famfas ɗin yaron, ba ta nemi shawarar masu digiri ba. Ta saɓe shi sai asibiti, Mataimaki yana biye da jaka.

Likitar yara, wata mace mai gilashi da ba ta da lokacin zagaye-zagaye, ta yi tambayoyinta, ta sa aka yi gwaji, sannan ta ce alaji ne. Akwai wani sinadari a madarar shanu da jikin yaron ke ɗauka a matsayin abokin gaba, da ya shigo sai a tashi yaƙi.

"Likita, madarar nan fa ta ci lambar yabo," in ji Mataimaki.

"Ban musa ba. Cikin ɗanka ne dai bai halarci bikin ba."

Ta ce a tsayar da madara da duk danginta: yogot, man shanu, cakulan, biskit ɗin da aka kwaɓa da ita. Ita ma Malama ta haƙura da su muddin tana shayarwa. Ta rubuta wata madara ta musamman da aka riga aka farfasa sinadarin a cikinta, da wani maganin ruwa idan jiki ya yi rudu-rudu. Idan kuwa leɓe ya kumbura ko numfashi ya sauya, to ba maganar gida ba ce, a kwaso shi a guje. Ta ƙara da cewa yara da yawa suna rabuwa da abin idan sun tasa, amma a asibiti ake gwadawa, a gabanta, ba a falo ba don wani ya ji a ransa cewa yaro ya warke.

Da Mataimaki ya karɓi madarar ta musamman a kantin magani ya juya gwangwanin, sai ya ga sunan kamfanin da suka fi gaba da shi a kasuwa. Ya roƙi a sa masa a baƙar leda.

Yaro kuwa ya murmure. Ƙuraje suka baje, kuka ya ragu, wuya ya ɓace cikin ninki. Fuskarsa ta cika ta batse har maƙwabta suka sa masa suna Kumatu, sunan ya zauna. Ya shekara yana tafe yana rangaji kamar mai kuɗin unguwa.

A ofis babu wanda ya san komai. Mataimaki ya ci gaba da karɓar katan ɗinsa duk wata, don ma'aikacin kamfanin madara mai jariri da ya daina karɓar madara, tambaya yake jawo wa kansa. Katan-katan suka taru a bayan ƙofar ɗakin baƙi har ƙofar ta daina buɗewa sosai. Idan kuma wani daga wurin aiki zai kawo ziyara, sai Mataimaki ya ciro gwangwani guda, wanda ba a fasa ba, ya ɗora a tsakiyar teburin falo kamar tukunyar fure.

A irin wannan ziyara ce Kumatu ya jawo gwangwanin, ya rungume shi, ya shiga dukan murfin da tafin hannu, domin a iya saninsa ganga ce. Baƙuwar, wata daga sashen lissafi, ta ce, "Wayyo, ku ga yadda yake son ta!" Ta ɗauki hoto ta tura a zauren ma'aikata na waya. Kafin a tashi aiki washegari, an kira Mataimaki hawa na sama.

Mai Kamfani mutum ne mai faɗin ƙirji da ƙaramar waya, wanda bai taɓa yin tambayar da bai riga ya amsa wa kansa ba. Ya juyo da wayar.

"Wannan ɗanka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Me yake sha?"

"Ranka ya daɗe, wato, abin da ya..."

"Madararmu. Ai ga shi nan a fuska. Muna ta biyan 'yan talla su nemo mana yaro, ashe yaron yana gidanka kana ɓoye mana. Shi za a sa a sabon gwangwani." Ya ajiye wayar. "Kujerar shugaban sashenku babu kowa a kai, ko? Idan hoton nan ya yi kyau za mu duba."

Daga ofishin zuwa matakala akwai isasshen wurin da mutum zai juya ya ce, ranka ya daɗe, akwai magana. Mataimaki ya wuce wurin yana gyara wuyan riga.

Malama tana duba takardun jarrabawar ɗalibanta a falo lokacin da ya kawo albishir. Ta cire murfin jan biro da haƙori, ta dube shi.

"Ka gaya masa?"

"Zan gaya masa a lokacin da ya dace."

"Wane lokaci ke nan? Ranar da Kumatu zai yi aure?"

"Maman Kumatu, ki fahimci aikin. Ni na san talla. Ba a taɓa sa madarar gaske a hoton madara. Fitila tana sa ta yi tsami, kuma a hoto fitowa take kamar ruwan wanki. Farin gam ake zubawa a kofi ya daskare. Ko kifewa aka yi ba ya zuba. Yaron nan zai zauna ne kawai ya yi dariya."

"Wato za a ɗauki yaron da ba ya shan madara, a ba shi kofin da ba madara a ciki, don a nuna wa duniya amfanin madara."

"Haka ake yi ko'ina."

"Allah ya ƙara wa sana'ar albarka." Ta koma kan takardunta, ta ja wa wani ɗalibi jan layi mai tsawon da bai cancanta ba. "Da ni za a je. Kuma ka ji da kyau, Baban Kumatu: ko ɗigo ɗaya ya doshi bakinsa, ni ba ni da lokacin da ya dace. Duk lokaci nawa ne."

Ɗakin ɗaukar hoton tsohon sito ne da aka shafe da farin fenti. Wayoyin lantarki sun kwanta a ƙasa an danne su da salatif, manyan fitilu a kan dogayen ƙafafu, ga wani faffaɗan allon kwamfuta da ke nuna duk abin da kyamara ta gani, ya ninka shi har ana ƙirga gashin ido. Mai Hoto siriri ne, sanye da baƙar riga, yana magana da kowa ba tare da ya kalle shi ba. Ya miƙa wa Malama kofin don ta gani da idonta. Ta kife shi, ta girgiza, ta ƙwanƙwasa saman da farce. Tauri kamar sabulu.

"Wannan kofin ya girmi ɗanki, Hajiya," in ji Mai Hoto. "Ya yi wa kamfanoni da yawa aiki, bai taɓa ɓata wa kowa ciki ba."

Aka zaunar da Kumatu a kan farin bargo, aka sa masa kofin a gaba, gwangwani a gefe. Ya daki gwangwanin, ya ƙyalƙyale da dariya, kyamara ta yi ta ƙyas-ƙyas. A kan allo kumatun nan suka cika wuri, suna sheƙi. Mataimaki, a tsaye a bayan fitila, ya fara tunanin inda zai sa teburinsa a sabon ofis, da ko zai bar labulen da ke ciki.

Sai Kumatu ya yi abin da manyan taurari ba sa yi a bainar jama'a. Malama ta ɗauke shi gefe ta sauya masa famfas, ta miƙa wa ubansa shi, ta fita neman inda za ta yar da ƙullin ta wanke hannu. Aka ce mata banɗakin yana can ƙarshen baranda, bayan matakala.

Fitarta ke da wuya Mai Kamfani ya shigo, da mutum biyu a bayansa waɗanda aikinsu shi ne gyaɗa kai. Ya tsaya gaban allo ya yi murmushi irin na wanda ya haifi yaron da kansa. Sannan ya sunkuya, ya ɗauki kofin, ya tsoma yatsa. Yatsan ya tsaya a sama.

"Mene ne wannan?"

"Gam ne, Yallaɓai," in ji Mai Hoto, yana duba kyamararsa. "Madara ba ta fita a hoto."

"Madarar wa ce ba ta fita a hoto?"

Mai Kamfani ya dangwarar da kofin.

"Shekara nawa ina wannan sana'a, ban taɓa yi wa jama'a ƙarya ba. A kan gwangwanina za a sa gam? A fasa wancan gwangwanin. A kawo ruwan ɗumi. Da hannuna zan ba shi, a ɗauka yana sha, kowa ya gani."

Masu gyaɗa kai suka nuna ashe suna da hannuwa. Kafin Mataimaki ya gama juya harshe a baki, an fasa gwangwani, an kaɗa madara a wani kofin gilashi, an samo cokali. Mai Kamfani ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa a kan bargo da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Zaunar da shi nan, Mataimaki."

Mataimaki ya zaunar da shi. Wannan ma sai an faɗa, don gaskiya: ya zaunar da shi. Ya waiga ƙofa, ba Malama. Ya dubi cokalin da ya nitse a kofi ya fito a cike. Ya tuna ofis mai labule. Ya tuna leɓen da Likita ta ce idan ya kumbura a kwaso a guje, ya kuma tuna cewa daga nan zuwa asibiti akwai cunkoson da ba ya sanin ɗan kowa. Kumatu, wanda bai taɓa ƙin abin da aka miƙo masa ba, ya wangale baki.

Mataimaki ya faɗi a gwiwa, ya miƙa wuya, ya kame cokalin da bakinsa.

Mai Kamfani ya zaro cokalinsa a hankali daga bakin ma'aikacinsa, ya duba shi, ya duba ma'aikacin.

"Lafiya?"

"Zafi nake dubawa, ranka ya daɗe. Kada ta ƙona shi."

"To ya ka ji?"

"Da... da ɗan zafi."

Mai Kamfani ya sake ɗebowa, ya hura da bakinsa mai albarka, ya nufi yaron. Mataimaki ya sake tarewa.

"Yanzu kuma fa?"

"Sukari, ranka ya daɗe."

"Ba a sa sukari ba."

"Shi ne na tabbatar."

Mai Hoto, wanda ya ga abubuwa da yawa a rayuwa amma bai taɓa ganin wannan ba, bai daina danna kyamara ba. A kan faffaɗan allo, ga Mataimaki nan an ninka shi, ido a waje, farin gashin baki na madara a leɓensa na sama. A cokali na gaba Kumatu, da ya ga ana cinye masa rabo a gabansa, ya fusata ya kai wa hannun Mai Kamfani duka. Madara ta fantsama, ta sauka a haɓarsa da gefen wuyansa.

Daidai nan Malama ta turo ƙofa tana yarfe hannu. Ta ga mijinta a durƙushe ana ba shi madara a baki, ta ga gwangwani a fashe, ta ga fari a haɓar ɗanta. Ba ta yi ihu ba. Taku kaɗan ta yi ta sure yaron, ta zaro ƙyalle da gorar ruwa daga jaka, ta shiga wanke masa haɓa da wuya, tana buɗa bakinsa tana leƙawa.

"Ya shiga bakinsa?"

"Bai shiga ba. Wallahi bai shiga ba. Ni na shanye."

"Na gani. Ɗa ɗaya na bari, na dawo na tarar ana shayar da babban."

"Wai me ke faruwa ne a nan?" in ji Mai Kamfani, har yanzu a durƙushe, don tashin sai da taimako.

Malama ta buɗe baki, amma Mataimaki ya riga ta. Muryarsa ta fito siririya, kamar ta wanda ke karanta takardar korarsa da kansa.

"Ranka ya daɗe, ba ya sha. Alaji gare shi. Madarar shanu kowace iri ce, tamu da ta kowa. Da yana shan tamu ya kusa lalacewa. Wannan kumatun da kake gani, bayan an daina ba shi ne suka fito."

"Kai, wannan surutun likitoci ne. Mu da muka tashi..."

"Yallaɓai," in ji Mai Hoto, karo na farko yana kallon mutum a ido, "duba allo."

Kyamara tana kan Kumatu a kafaɗar uwarsa. A haɓarsa da gefen wuyansa, daidai inda madarar ta bi, fatar ta yi ja ta tashi rudu-rudu, kuma allon, da yake an saye shi don ya nuna gaskiyar kaya dalla-dalla, ya nuna. Masu gyaɗa kai suka rasa ta inda za su gyaɗa.

Malama ta auna maganin ruwan ta ɗura masa, ta kara kunne a ƙirjinsa, ta duba leɓensa. Numfashi lafiya, leɓe lafiya, sai ƙaiƙayi da fushi. Duk da haka ta rataya jaka.

"Asibiti za mu, Likita ta gan shi. Mataimaki, in ka ƙoshi, taso ka tuƙa mu."

Suna bakin ƙofa suka ji Mai Kamfani, wanda aka ɗago shi ta hammata biyu, yana tambaya cikin murya ƙasa-ƙasa: "Mai Hoto, hotunan farkon nan, na kofin gam, suna nan?"

"Suna nan, Yallaɓai."

"A yi da su. Ai ba mu rubuta cewa ya sha ba."

Likita ta duba Kumatu ta ce a fata abin ya tsaya, zuwa yamma zai kwanta. Da aka ba ta labarin yadda aka yi, ta cire gilashinta ta goge, ta tambayi Mataimaki ko shi ma yana buƙatar a duba shi.

Hoton bai fita ba sai da yardar uwa, uwa kuma ta kafa sharaɗi: a rubuta a gaban gwangwanin, ba a baya ba, cewa kada a ba yaron da ke da alajin madarar shanu. Aka yi ta kai da kawo da lauyoyin kamfani. A ƙarshe aka rubuta, a gaba kamar yadda ta ce, a ƙarƙashin ƙafar Kumatu ta hagu, da haruffan da sai mai sabon gilashi.

Kujerar shugaban sashe kuwa aka ba wani ɗan ƙanwar Mai Kamfani da ya karanta harkar noma. Ya zo ya sami Mataimaki a teburin da ke kusa da injin kwafe takardu. Hoton cokalin ya zaga wayoyin ma'aikata, har aka so a sauya wa Mataimaki suna, amma tsohon sunan ya riga ya kama ƙasa. Abu ɗaya ya sauya: da ƙarshen wata ya zo, mai rabon katan ya kira shi, Mataimaki ya ce daga inda yake zaune, da ƙarfi, "Ba na karɓa, yarona ba ya sha." Injin kwafe takardu bai tsaya ba, rufin ofis bai faɗo ba.

Wata ranar hutu ya shiga kanti da Kumatu a kafaɗa. Ga sabbin gwangwanaye an jera tun daga ƙasa har sama, kumatu a kan kumatu. Kumatu ya ga gangunansa, ya miƙa hannu yana zillo.

Mai kanti ya leƙo daga bayan kanta. "Ikon Allah! Alhaji, yaron nan naka har ya so ya yi kama da na gwangwanin. Saya masa mana. Wata biyu yana sha, ka ga yadda zai koma kamar wancan."

"Shi ne wancan," in ji Mataimaki.

Mai kanti ya dubi gwangwani, ya dubi yaro, ya washe baki. "To ka gani! Nawa za a sa maka?"

"Sabulu na zo saya."